Shirye-shiryen Tallafi Mai Zurfi ga Iyalan da ke Gab da Watsewa: Wanne Ya Dace da Wane Gida?

Duk hukuma ko ƙungiyar da ke kula da walwalar yara takan kai matsayin da dole ta yanke shawarar inda za ta zuba ɗan abin da ke hannunta na kuɗi da ma'aikata. A gabanta akwai iyalan da ake gab da ɗauke wa 'ya'ya saboda sakaci, ko duka, ko shaye-shayen iyaye, akwai kuma waɗanda an riga an ɗauke musu, ana neman hanyar mayar da yaran gida lafiya. Shirye-shiryen da aka ƙirƙiro domin wannan aiki suna da yawa, kuma kusan kowannensu yana zuwa da rahoto mai daɗin karantawa wanda ke cewa mafi yawan iyalan da suka shiga sun ci gaba da zama tare. Wannan adadin shi ne abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya tuhuma, domin idan ba a san su wane ne aka shigar cikin shirin ba, kuma ba a san abin da zai same su da ba a shigar da su ba, to adadin bai faɗi komai ba game da amfanin shirin.

Tarihin shirin da ya fi kowane shahara a wannan fage ya isa ya nuna haka. A shekarar 1974 aka fara Homebuilders a birnin Takoma da ke jihar Washinton ta Amurka, kuma masana halayyar ɗan Adam biyu, Jill Kinney da David Haapala, suna cikin waɗanda suka assasa shi. Tsarinsa a bayyane yake: ma'aikaci ɗaya yana riƙe iyalai biyu ko uku kawai a lokaci guda, yana isa gidan cikin awa 24 da kawo masa batun, ana iya kiransa dare da rana, kuma aikin yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, inda yake shafe kimanin awa 40 ido da ido da iyalin a cikin gidansu. Sharaɗin shiga shi ne a ce yaron yana gab da barin gida, wato in ba don shirin ba, cikin 'yan kwanaki za a kai shi hannun mariƙa ko gidan kula da yara. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne cewa lokacin da iyali suka ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, a lokacin ne suka fi buɗe kunne ga canji.

A ɗauki misalin uwa mai 'ya'ya uku wadda maƙwabta suka kai ƙararta saboda tana barin yara su kaɗai da dare, gidan ya cika da shara, ga kuma tabon duka a jikin babban. Ma'aikaciyar shirin ba za ta ba ta takardar ganawa a ofis bayan mako biyu ba. Za ta zo a ranar, ta zauna ta saurara, wataƙila ta naɗe hannun riga su share ɗaki tare, ta yi amfani da ɗan kuɗin gaggawa da shirin ke warewa a biya bashin da ya sa aka yanke wuta, sannan su tsara wanda zai kwana da yara a ranakun aikin dare. A daren da uwar ta ji ranta ya ɓaci har hannunta yana rawa, akwai lambar da za ta kira, kuma muryar da za ta amsa ita ce wadda ta riga ta sani. Daga nan ake shiga koyar da yadda za a tsawata wa yaro ba tare da duka ba, ana gwadawa a wurin, a daidai lokacin da rigimar ke tashi. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan aiki ya san yana da kwarjini, kuma ba abin mamaki ba ne da ya bazu a jihohin Amurka a shekarun 1980, musamman bayan dokar 1980 da ta wajabta wa jihohi yin ƙoƙari gwargwadon hali kafin raba yaro da iyayensa, har a 1993 majalisar ƙasar ta ware masa kuɗi na musamman.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Rahotannin farko sun ce fiye da kashi 90 cikin 100 na iyalan sun tsira da 'ya'yansu, sai dai ba a kwatanta su da kowa ba. Da aka zo gwaji na haƙiƙa a jihar Ilinoi, inda masu bincike na Jami'ar Shikago suka raba iyalai kimanin 1,600 ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sami tallafi mai zurfi wasu suka sami hidimar da aka saba, sakamakon da aka wallafa a 1994 ya girgiza mutane: babu wani bambanci na a zo a gani wajen yawan yaran da aka ɗauke. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cewa a cikin rukunin da bai sami shirin ba, ƙasa da ɗaya cikin goma ne aka ɗauke wa yaro a watan farko, alhali an shigar da su duka a kan cewa suna gab da rasa 'ya'yansu. Babban binciken da gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗauki nauyi a Kentaki, Niyu Jasi, Tenesi da Filadelfiya, wanda rahotonsa na ƙarshe ya fito a 2002, ya ci karo da wannan matsalar.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san yadda ofis ke tafiya. Jami'in da ya tabbata ran yaro yana cikin haɗari ba zai jira wani shiri ba, ɗauke yaron zai yi. Wanda kuma ya ga iyali suna shan wahala, yana son a taimake su, ya san hanya ɗaya ta samar musu ma'aikaci mai lokaci ita ce ya rubuta cewa suna gab da rasa yaro, sai ya rubuta, da kyakkyawar niyya. Da haka shiri mai tsada da aka gina domin ceto gidan da ke cin wuta yakan koma yana zuba ruwa a gidan da hayaƙi kawai ke tashi. Iyalan suna amfana, ba shakka, amma ba a hana rabuwar da ba za ta auku ba tun asali, kuma kuɗin da aka ce za a yi tsiminsa daga riƙon yara ba ya taɓa bayyana a lissafi.

Wannan bai zama ƙarshen maganar Homebuilders ba. A 2006 wata cibiyar nazarin manufofin gwamnati ta jihar Washinton ta sake duba binciken da aka yi, ta ware shirye-shiryen da suka bi tsarin sau da ƙafa daga waɗanda suka ari sunan kawai, sai ta ga na farkon sun rage ɗauke yara da kimanin kashi 31 cikin 100, na biyun kuwa ba su yi wani tasiri ba. A jihar Mishigan ma, inda aka yi gwajin a kan iyalan da batunsu ya riga ya kai ga matakin amincewa da ɗauke yaro, bambancin ya fito fili. Saboda haka hukuncina a kan wannan tsari shi ne: yana aiki idan an cika sharuɗɗa biyu masu wuyar cikawa, wato a tsare ƙofar shiga da gaske, kuma a hana a tara wa ma'aikaci iyalai shida ko takwas da sunan ƙarancin ma'aikata. Duk hukumar da ta san ba za ta iya riƙe waɗannan biyun ba, gara ta nemi wata hanya. Sannan ko an cika su, mako shida yana iya kashe wutar rikici, amma ba ya warkar da jarabar ƙwaya ko ciwon damuwa da ya shekara goma, don haka dole a san tun ranar farko hannun da za a miƙa iyalin bayan an rufe fayil.

Idan matsalar gidan ta taso ne daga matashi da ya kangare, yana faɗa, yana sata, yana gudun makaranta, har iyaye da kansu suna cewa a zo a tafi da shi, to akwai tsarin da aka gina musamman domin haka. MST (Multisystemic Therapy, wato shirin gyaran ɗabi'a ta fuskoki da yawa), wanda Scott Henggeler ya fara haɓakawa a ƙarshen shekarun 1970, yana kallon matashi a cikin duk da'irorin da ke kewaye da shi: gida, makaranta, abokai da unguwa. Ma'aikaci yana riƙe iyalai huɗu zuwa shida na tsawon wata uku zuwa biyar, ana samun tawagar dare da rana, kuma mafi yawan aikin da iyaye ake yinsa, domin su ne za su rage bayan an tafi. Wani makamancinsa, FFT (Functional Family Therapy, wato shirin gyaran zamantakewar iyali), wanda James Alexander da Bruce Parsons suka samar a Jami'ar Yuta a farkon shekarun 1970, ya fi sauƙin nauyi: zama kimanin goma sha biyu zuwa goma sha huɗu da dukan iyalin, ana fara da rage zargin juna kafin a shiga gyaran ɗabi'a. Bambancinsu a aikace shi ne MST yana bin yaron har makaranta da wurin abokansa, FFT kuma ya fi tsayawa a kan yadda mutanen gida ke magana da juna.

Shaidar MST tana koyar da darasi na daban da na Homebuilders. Gwaje-gwajen farko a Amurka, waɗanda masu shirin da kansu suka jagoranta, sun nuna raguwar sake aikata laifi da raguwar tsare matasa, kuma gwajin da aka yi a Nowe ya ba da sakamako mai kyau. Amma a Suwidin da lardin Ontariyo na Kanada ba a ga fifikonsa a kan hidimar da aka saba ba, haka kuma babban gwajin Ingila da aka wallafa a 2018, wanda ya ƙunshi iyalai 684, bai ga bambanci wajen yawan matasan da suka bar gida bayan wata 18 ba. Fassarar da ta fi gamsar da ni ita ce amfanin shiri ya dogara da abin da ake kwatanta shi da shi. Inda makomar matashi ita ce gidan yari ko ba komai, MST babban ci gaba ne. Inda kuma akwai hidima mai inganci tun farko, ƙarin da yake kawowa ba lallai ya biya kuɗin lasisi, horo da sa ido na dindindin da tsarin ke buƙata ba. Ya kamata kuma a lura cewa ainihin MST ba domin ƙananan yaran da aka yi sakaci da su aka yi shi ba, akwai wani reshe nasa na daban da aka tsara domin cin zarafin yara, wanda ya fi tsawo.

Ga iyayen ƙananan yara kuwa, akwai shirye-shiryen koyar da tarbiyya da ba su kai waɗancan zafi ba amma suna da shaida mai ƙarfi, kamar SafeCare, wanda wani gwaji a faɗin jihar Oklahoma da aka wallafa a 2012 ya nuna ya rage sake kai ƙarar iyaye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ba na gaggawa ba ne, amma shi ne irin hannun da ya dace a miƙa wa iyali bayan an kashe wutar farko.

Wata hanyar kuma ta sha bamban da duk waɗannan, domin ba ta kawo ƙwararre ya gyara iyali, tana tara dangi ne su fitar da mafita da kansu. Taron shawarar dangi ya samo asali daga Niyu Zilan, inda dokar yara ta 1989 ta shigar da shi cikin tsarin shari'a bayan koke-koken al'ummar Mawori, 'yan asalin ƙasar, cewa ana ɗauke musu yara ana kai wa baƙi ba tare da an tuntuɓi danginsu ba. Wani mai shirya taro da ba ya cikin masu binciken iyalin yakan shafe makonni yana nemo kakanni, ƙannen iyaye da aminan gida. A ranar taro jami'ai suna bayyana abin da ke damunsu da kuma abin da ba za a yarda da shi ba, sannan su fita su bar dangi su kaɗai. A wannan keɓewar ce ake jin maganganun da ba a taɓa faɗa a gaban jami'i ba, kaka ta dubi ɗanta ta ce masa ta san yana sha, goggo ta ce za ta ɗauki yaran kwana uku a mako har uwarsu ta murmure. Bayan haka a dawo da jami'ai a karanta musu tsarin, su amince matuƙar yana kare yaron.

An daɗe ana yabon wannan hanya fiye da yadda shaida ta nuna, kuma binciken da aka yi a Suwidin da Holan bai ga ta fi hanyar da aka saba ba. Sai dai a 2023 an fitar da sakamakon gwajin ƙuri'a a ƙananan hukumomi 21 na Ingila, wanda ya shafi yara fiye da 2,500 da batunsu ke gab da shiga kotu: bayan shekara guda, kimanin kashi 36 cikin 100 na yaran da aka tura iyalansu taron ne suka shiga hannun hukuma, idan aka kwatanta da kimanin kashi 45 na sauran. A lura da matakin da aka yi gwajin, domin nan ma an dace da iyalan da haɗarin rabuwa ya tabbata a kansu. Taron ya fi sauran arha nesa ba kusa ba, amma yana da rauni biyu. Na farko, alkawarin da aka ɗauka cikin zafin taro yakan yi sanyi bayan wata biyu idan babu mai bibiya, kuma dangin da suka karɓi yaro ba tare da tallafin kuɗi ba sukan gaji. Na biyu, a gidan da miji ke dukan mata, rufe ƙofa a bar ta da shi da danginsa zalunci ne, sai an yi shiri na musamman ko a raba zaman.

Inda shaye-shaye ne tushen matsalar, na fi karkata ga kotunan iyali na musamman. An fara irinsu a birnin Reno na jihar Nebada a 1994, aka kuma buɗe ta farko a Landan a 2008 bisa jagorancin alƙali Nicholas Crichton. Alƙali ɗaya ne ke bin shari'ar daga farko zuwa ƙarshe, yana ganawa da iyaye duk bayan mako biyu ba tare da lauyoyi ba, kuma akwai tawagar masana shaye-shaye, lafiyar ƙwaƙwalwa da walwalar yara da ke aiki da su, ana yin gwajin ƙwaya a kai a kai. Wani nazari na 2023 ya nuna kashi 52 cikin 100 na yaran da shari'arsu ta bi wannan kotu sun koma hannun mai renonsu na asali, sabanin kashi 12.5 a kotun da aka saba. Tazarar tana da girma, amma ba ta hanyar ƙuri'a aka raba iyalan ba, kuma iyayen da suka yarda su shiga irin wannan kotu mai tsanani wataƙila sun riga sun fi sauran niyyar canzawa. Abin da ya sa duk da haka nake ganin darajarta shi ne tana fuskantar gaskiyar da sauran ke kauce wa: agogon yaro da agogon warkewar iyaye ba sa tafiya tare. Dokar Amurka ta 1997 ta ce idan yaro ya yi wata 15 cikin 22 na baya-bayan nan a hannun hukuma a fara neman yanke haƙƙin iyaye sai in akwai uzuri, a Ingila kuma dokar 2014 ta sa wa shari'ar iyakar mako 26. Kotun tana ba iyaye dama ta gaskiya a cikin wa'adin, idan kuma abin ya gagara, ana yanke hukunci da sanin cewa an gwada.

Batun mayar da yaro gida shi ne ya fi samun ƙarancin kulawa, kuma a nan ne na fi jin takaici, domin sau da yawa ranar da yaro ya koma ita ce ranar da ake ɗaukar aiki ya ƙare, alhali a ranar ya fara. Yaron da ya yi shekara a wani gida ya saba da wasu dokoki, wataƙila ya dawo ya tarar da sabon ƙane ko sabon mijin uwa, yana gwada iyayensa ya ga ko za su sake rabuwa da shi, su kuma suna tsoron neman taimako kada a ce sun kasa. Wani gwajin ƙuri'a a jihar Yuta a farkon shekarun 1990, mai iyalai 110, ya ba rabi tallafi mai zurfi na kwana 90: a ƙarshen wa'adin kashi 93 cikin 100 na yaransu sun koma gida, sabanin kashi 28 na sauran, bayan shekara guda kuma kimanin kashi 75 suna gida sabanin kashi 49. Adadin yana ƙarfafa gwiwa, amma a dubi yadda ya sauka daga 93 zuwa 75. A Ingila alƙaluman gwamnati sun nuna kusan kashi 30 cikin 100 na yaran da aka mayar gida sun sake komawa hannun hukuma cikin shekara biyar. Wannan tufka da warwara tana yi wa yaro illar da ta iya fin ta zama wuri ɗaya, don haka shirin haɗa iyali da ba shi da bibiya ta aƙalla wata shida zuwa shekara bayan komawa, rabin shiri ne.

Daga nan ake gane cewa zaman yaro a gida ba shi kaɗai ne ma'aunin nasara ba. Idan ma'aikaci ya shafe awa 40 a cikin gida ya gano cewa yaron ba shi da aminci, ya ba da shawarar a ɗauke shi, shirin ya yi aikinsa, ko da a takarda za a lissafa shi cikin gazawa. Masana tattalin arziki ma ba su yi ittifaƙi ba a kan yaran da batunsu ke tsaka-tsaki. Binciken Joseph Doyle na 2007 a Ilinoi ya nuna irin waɗannan yara sun fi samun makoma mai kyau idan aka bar su gida, amma wani bincike mai irin wannan salo a Mishigan daga baya ya ga akasin haka. Saboda haka mai tantance shiri ya nemi a nuna masa ko an sake samun rahoton cutarwa da aka tabbatar, ko yaron yana zuwa makaranta, ko nauyinsa da lafiyarsa suna tafiya daidai, da abin da yaron da kansa ya ce idan ya kai shekarun magana. Ya kuma tambayi waɗanda suka fice daga shirin tun kafin ya ƙare, domin rahoton da ya ƙirga waɗanda suka kammala kaɗai ya zubar da iyalan da suka fi wahala ne ya bar masu sauƙi. Akwai kuma tarko ɗaya da ke aiki ta ɗaya ɓangaren: gidan da ma'aikaci ke shiga kullum ya fi fuskantar a ga laifinsa fiye da gidan da ba wanda ke leƙawa, don haka ƙaruwar rahoto ba koyaushe take nufin ƙaruwar cutarwa ba.

Akwai tambayar da ta gabaci zaɓen kowane shiri: shin abin da ke damun iyalin nan rashin iya tarbiyya ne, ko rashin abin hannu? Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun bayyana cewa talauci kaɗai bai kamata ya zama hujjar raba yaro da iyalinsa ba, alama ce ta buƙatar tallafi. Uwar da ke barin yara su kaɗai saboda ba ta da mai reno ba ta buƙatar zama goma sha huɗu a kan sadarwa, mai reno take buƙata. Shirin da ba shi da asusun biyan buƙatun gaggawa, ko hanyar haɗa iyali da muhalli da tallafin kuɗi, zai yi ta koyar da dabarun haƙuri ga mutanen da yunwa ce ke cin su.

Wajen lissafin kuɗi, ma'aikacin da ke riƙe iyalai biyu na mako biyar zai iya kaiwa iyalai kimanin 20 a shekara, na MST kuwa kimanin 15, kuma dukansu suna buƙatar mai sa ido ƙwararre da tsarin karɓa-karɓa na dare, wanda idan babu shi ma'aikata sukan ƙone su bar aiki. Hukumar da ke da ma'aikata kaɗan da iyalai ɗaruruwa ba za ta iya shimfiɗa irin wannan bargo a kan kowa ba, kuma idan ta ja shi ya rufe kowa sai ya yage. Shawarata gare ta ita ce ta fara da taron dangi ga duk iyalin da batunsu ya doshi kotu, ta kafa ƙaramar tawaga ɗaya mai bin tsarin Homebuilders yadda yake, wadda ba a shiga cikinta sai wani kwamiti da ba shi da hannu a fayil ɗin ya tabbatar cewa za a ɗauke yaron cikin kwanaki, sannan ta raba lokacin wannan tawaga da yaran da ake mayarwa gida. MST ko FFT su jira sai an ƙirga an ga matasa ne suka fi yawa a cikin masu barin gida, kotun shaye-shaye kuma sai an tabbata akwai wurin jinyar da za a tura iyaye, domin alƙali ba zai umarci mutum ya shiga jinyar da babu ita ba. Duk wanda aka ba kwangilar aikin, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa zai kawo bayanin inda kowane yaro yake da halin da yake ciki bayan wata 12 da bayan wata 24, har da yaran iyalan da suka fice a mako na biyu.